Biko da Karan Wardi

Duk wanda ya san Malam Zakariyya'u mai fure ya san hannunsa ya fi bakinsa hankali. Ka ba shi wuƙa da kaba da jan wardi, zai ɗaure maka abin da amarya za ta riƙe har ta manta da ango na gefenta. Amma ka ce ya buɗe baki ya faɗa wa matarsa magana mai daɗi, to a nan za ka ga ikon Allah. Bakin nan nasa ne ya kore masa mata, kuma yau Alhamis ita ce ranar da aka gindaya masa: ko ya je biko gidan yayanta a Nasarawa kafin la'asar, ko gobe da asuba a sa ta a mota sai garinsu Malumfashi, sauran magana kuma a gaban alƙali.

Lambunsa na bakin kogi ne ta wajen Barnawa. Shi ke shuka, shi ke ɗauri, Madam Celina kuma ke da rumfar bakin titi inda masu biki da masu neman aure ke zuwa su faɗi abin da suke so. Sun daɗe tare, tun zamanin da manajojin masaƙun Kakuri ke aiko direba kowace Juma'a a karɓo wa uwargida fure. Ta san halinsa kamar yunwar cikinta, shi ya sa da ta hango shi da sassafe tsugune a ƙarshen lambu, gindin tsohuwar bishiyar wardin da ba ya yarda a sayar da ko ɗaya daga cikinta, ta ajiye bokiti ta nufo shi.

"Malam Zakari, wa ya yi oda yau? Ba ka ji rediyo ba? Gari a rufe yake."

"Ba oda ba ce, Madam. Na Jamila ne."

Ta riƙe haɓa. "Fure za ka kai biko? Ina dattijon da aka ce ka zo da shi? Ina goro?"

"Malam Shehu ya ce ƙafarsa ba za ta taka titi yau ba. Goro kuwa, kasuwa a rufe."

Abin da ya faru kuwa, ga shi. A tsakar gidansa na Makera akwai bishiyar wardi guda ɗaya, kusa da randa. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke musu 'yarsu Ummi, wadda daga ita Allah bai sake ba su haihuwa ba, Zakariyya'u ya rasa abin da zai ce wa matarsa. Ranar sadakar bakwai ya dawo daga lambu da wani ɗan kara a aljihu, ya ajiye mata a kan tabarma, ya fita. Jamila ta dasa shi a inda yarinyar ke zama ta ci tuwo. Ruwan alwalarta take zuba masa, safe da yamma, har ya girma ya kai kafaɗar mutum. Ba ta taɓa tsinkar furensa ba. In ya buɗe sai ta ce, "Ummi ta yi kwalliya yau," ta ci gaba da tankaɗe.

To makon jiya wani yaron masaƙa, Benson, zai auri Vivian, ga shi ruwa da iska sun kakkaɓe jan wardin lambu a daren jajibiri. Zakariyya'u ya yi alkawari, kuma shi mutum ne da ba ya son a ce ya saɓa. Ya tuna da na gida. Jamila ta tafi barka, ya shiga da wuƙa, cikin gaggawa ya yi wa bishiyar aski har rassa. Amarya Vivian ta shiga coci da furen da aka yi mako ana zancensa. Jamila kuwa ta dawo ta tsaya a bakin randa, mayafinta a kafaɗa, ta ce, "Wa ya taɓa mini Ummi?"

Da ya yi shiru da ya tsira. Da ya ce tuba nake da an wuce wurin. Sai bawan Allah ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Jamila, fure ne fa. Miya ake yi da shi?"

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi daga baya. Ta dube shi ta ce, "Inuwar giginya, na nesa ka sha." Ta gyara mayafi ta fita, ko ɗankwali ba ta ƙara ɗauka ba. Bayan tafiyarta bishiyar ta fara baƙi daga inda wuƙa ta bi, baƙin na sauka yana sauka. Ya yi mata duk dabarar da ya sani, ya sake datsewa, ya shafa toka, ina! Shekaranjiya ya kankare ɓawon gindinta da farce, ya tarar babu ɗanye ko kaɗan. Wannan labarin bai kai Nasarawa ba tukuna, kuma shi ne dutsen da ke kan ƙirjinsa.

Celina ta ga ba zai fasa ba, sai ta koma rumfa ta kwaso kayan aiki. "To in dai za ka yi, yi na gaske. Ga ganyen nan mai laushi kamar gashin tsuntsu, ga ƙananan fararen nan na amare, ga ribon. Ja da fari, ka zagaye da kore, wace mace ce za ta ƙi?"

Ya ture su gefe da bayan hannu. "Irinsa na ɗaure wa Vivian. Irinsa nake ɗaure wa matan mutane. In ta gan shi za ta ce ragowar oda na kawo mata."

"To me za ka sa? Wardi ba ya tafiya shi kaɗai, kai ka koya mini."

Ya tashi ya nufi shingen lambu inda lalle ya yi fure, ya karyo rassa masu tarin ƙananan furanni, ƙamshinsu ya cika wurin. Ya sunkuya bakin rijiya ya tsinko ɗoɗɗoya mai yawa.

"Kai, Malam Zakari! Lalle da ɗoɗɗoya? Ɗoɗɗoya kafin ka kai Kakuri ta yi laushi. Lalle kuma ƙaya gare shi, ga ta wardi. Ƙaya kan ƙaya za ka miƙa wa mace mai fushi?"

"Lallen, ƙamshinsa ke jikinta ranar da aka kawo ta," ya ce, idonsa na kan aikinsa. "Ɗoɗɗoyar kuma ita take sa wa yarinyar a gefen matashi saboda sauro."

Shekara da shekaru suna aiki tare, Celina ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan a kan gidansa ba. Ta tsuguna ta riƙe masa kaba. Ya jera wardin a tsakiya, jajaye masu duhu, furen lalle ya ratsa tsakaninsu, ɗoɗɗoya ta rungume su ta ƙasa. Ita kanta sai da ta yarda abin ya yi kyau, irin kyan da ba na kanti ba.

"Amma ka yanko su dogaye haka, a karkace, kamar za ka dasa?"

"Hanya da nisa. Gajeren kara ba ya jure rana."

Ya naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumman buhu, ya lulluɓe furen da ganyen ayaba, sannan ya karyo rassan dogonyaro ya kewaye su don inuwa, ya ɗaure tamau. Haka yake yi wa kowane ɗauri in zai yi nisa da shi a ƙafa. Wanda ya gani daga waje ba zai ce akwai ja a ciki ba, damin ɗanyen ganye kawai zai gani.

"Wannan kam ya yi maka amfani yau," in ji Celina. "Masu zanga-zanga in suka ga ganye a hannunka ba za su tare ka ba. Amma don Allah ka bi ta bayan layin dogo, ka bar babban titi."

Gaskiya ta faɗa. Shekara guda ke nan da soja suka koma bariki, mutane sun gano ashe ana iya fita titi a ɗaga murya. Gwamnati ta ƙara kuɗin man fetur, ƙungiyar ƙwadago ta ce kowa ya zauna a gida. A irin wannan rana kuwa kowa a Kaduna ya san ƙa'ida: mai mota ya soka ɗanyen ganye a gaban gilashi, mai tafiya a ƙasa ya riƙe reshe a hannu, ma'ana ina tare da ku. Wanda ba shi da ganye sai ya yi bayani.

Ya fita rana ta ɗaga. Babu bas, babu acaɓa, tituna fayau sai awaki da ledoji. Ruwan jiya ya bar ƙasa da gumi, zafi na tasowa daga kwalta. Ya bi shawarar Celina har wani wuri, amma bayan layin dogo ruwa ya cika kwari, laka har gwiwa, dole ya hauro babban titi daidai masaƙu. Yana haurowa ya ji su. Da farko kamar kukan teku a rediyo, sannan ya rarrabe waƙa da tafi da bugun galan. Ya ce a ransa zai raɓe jikin katanga su wuce.

Ba su wuce ba. Titi ya cika maƙil da ma'aikatan masaƙa, maza da mata, kowa da reshe a sama. Yana manne da katanga, dami a ƙirji, sai ya ji an ƙwala masa kira.

"Baba Zakari! Jama'a, ga Baba Zakari ya fito!"

Benson ne, angon makon jiya, jan ƙyalle ɗaure a goshi, gumi na zuba. Ya rungumo shi da murna. "Kun ga dattijo? Mu reshe ɗaya muka riƙo, shi dami guda ya ɗauko! Baba, gaba za ka shiga!"

"Benson, sake ni, sauri nake. Nasarawa zan je."

"Ai can muka nufa, Baba! Mu je!"

Ihu ya haɗiye sauran maganarsa. Hannuwa suka tura shi, wasu suka ja shi, kafin ya ankara yana sahun farko, farin gemunsa na gaba, damin ganye mafi girma a duk titin yana hannunsa. Wata mata ta rangaɗa guɗa a kunnensa. Ya yi ƙoƙarin zamewa hagu, kafaɗu suka mayar da shi. Ya yi dama, haka. Abu ɗaya ya sanyaya masa rai, tafiyar ta yi hanyar da yake so, kuma inuwarsa ba ta fara tsawo ba tukuna. Ya ɗaga damin sama da kansa don kada a matse shi, jama'a kuwa suka ɗauka kirari yake yi musu, suka ƙara ihu. Wallahi da abin dariya ne da an yi.

A mararrabar da ke kaiwa Nasarawa suka tarar da motoci biyu a gicciye, 'yan sanda a jere da garkuwa. Waƙa ta ragu daga gaba, amma na baya ba su gani ba, suna ta turowa. Wani mai lasifika ya yi magana, ba wanda ya ji abin da ya ce. Gaba kura, baya siyaki. Zakariyya'u ya juya ya ce, "Benson, don girman Allah," sai ya ji wani abu ya yi tau, gwangwani ya faɗo yana juyi a kan kwalta, farin hayaƙi na fita.

Wanda bai taɓa shaƙar barkonon tsohuwa ba, kada Allah ya nuna masa. Ido ya rufe, maƙogwaro ya kama da wuta. Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wani ya banke shi ta baya, ya faɗi a kan gwiwa, damin ya suɓuce. Ya rarrafa yana lalube, ido a rufe, ƙafafu na bi ta kan yatsunsa. Ya ji ganyen ayaba a tafin hannu, ya jawo, ya kifa a kansa da dukan jikinsa kamar kaza a kan ƙwai. An taka bayansa, an taka damin ta inda ya leƙo, yana ji yana ƙara matse shi. Hularsa ta tafi, takalmi ɗaya ya bi ta.

Da hayaƙi ya lafa sai ya ji an ɗago shi ta wuyan riga. Aka kai shi gefen titi aka zaunar a ƙasa tare da waɗanda aka kama, aka ce kowa ya ɗora hannu a ka. Shi hannu ɗaya ya ɗora, ɗayan na riƙe da dami. Benson na can ƙarshen layi, leɓe a fashe, ya kasa haɗa ido da shi.

Nan suka zauna. Rana ta karkata. Ya ji kiran azahar daga wani masallaci na nesa, ya yi ta a zuci, yana kallon inuwar sandar wuta tana rarrafe a kan kwalta, tana tsawo. Daga inda yake zaune yana hango rufin kwanon Nasarawa, tafiyar da ba ta fi a sha kofin shayi ba. Yana tunanin Jamila a ɗaki, kunnenta na ƙofa, ko kuwa ma ta daina saurare. Tsoron motar 'yan sanda da ɗaurin kurkuku bai dame shi ba kamar tsoron ta ce: ai na sani ba zai zo ba. Sau biyu yana ɗaga murya, "Ranka ya daɗe," sau biyu ana daka masa tsawa.

Can wani saje mai furfura a gefen kunne ya zo yana bin layi yana duban fuskoki. Ya tsaya a kansa.

"Kai ne shugabansu ko? Tun daga nesa muke hango ka. Tsoho da kai. Me ka ɓoye a cikin ganyen nan?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Ba komai ake ɗaurewa da kaba haka? Kwance."

Biyu daga cikin yaransa suka matso, suka gyara riƙon kulki. Waɗanda ke zaune kusa da shi suka ja jiki, don kowa ya san abin da ake ɓoyewa a dami ranar tarzoma. Yatsun Zakariyya'u sun kumbura, kaba ta ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya zare rassan dogonyaro. Ya buɗe ganyen ayaba a hankali, yana addu'a ko guda ɗaya ya tsira.

Jajayen ɓawon fure suka zubo a kan cinyarsa, suka zube a kwalta, iska ta kwashi wasu. Ko ɗaya bai tsira ba. Kawunan wardin duk sun murƙushe, wasu sun karye sun rataya. Sai ƙamshi da ya tashi, na wardi da lalle da ɗoɗɗoyar da aka tattake, ya danne warin hayaƙin da ya rage a wurin.

Sajen ya daɗe yana kallo. "Baba, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Biko zan je."

"Biko? Da fulawa?"

Wani daga cikin kamammu ya tuntsire da dariya, 'yan sandan ma suka kasa riƙewa. Zakariyya'u bai ji kunya ba, ya wuce nan. Hawaye ne ke bin gemunsa, kuma wannan karon ba na barkono ba ne. Daga ƙarshen layi Benson ya ɗaga murya, "Oga, wallahi gaskiya ne. Mai fure ne. Ni na jawo shi, bai san komai ba."

Sajen bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafar da ba takalmi, ya dubi rana. "Ƙarfe nawa aka ba ka?"

"Kafin la'asar."

"To tashi ka ruga."

Ya tattara abin da ya rage ya naɗe a ganyen ayaba, ya cire ɗaya takalmin ya yar, ya kama hanya. Bai kai kwanar farko ta Nasarawa ba ladan ya ɗaga murya. Allahu akbar. Bai tsaya ba, ya ci gaba da ɗingishi ta cikin lunguna yana tsallake kwata, mata na leƙowa suna kallon tsoho ba hula ba takalmi rungume da ganye.

Ya iso daidai ana fitowa daga masallaci. Alhaji Hamza, yayan Jamila, mai motocin haya ne, mutum mai faɗin ƙirji da ba ya maimaita magana. Yana tsaye a ƙofar zaurensa da carbi, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Salamu alaikum, Alhaji."

"Wa alaikumus salam. An yi la'asar."

"An yi, Alhaji. Hanya ce ta..."

"Ina dattijon?"

"Bai samu fitowa ba."

"To me ka zo da shi?"

Zakariyya'u ya tsuguna a kan dakali ya buɗe ganyen ayaba. Kara ne dogaye masu ƙaya, ba kai, sai rassan lalle da suka kakkarye da ɗoɗɗoya da ta yi baƙi ta lanƙwashe. Maƙwabta biyu da suka biyo Alhaji daga masallaci suka kau da kai.

Alhaji Hamza ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Zakariyya'u, ƙanwata akuya ce? Ka wulaƙanta ta a gidanka, na ba ka rana, ka zo a makare, ba mutum ba goro, ka kawo mini ƙaya da ganye a ƙofar gida? Tashi ka tafi. Mu haɗu a Malumfashi."

"Alhaji, ka bar ni in faɗa mata kalma ɗaya."

"Kalmarka ce ta kawo mu nan."

"Yaya."

Daga bayan labulen zaure muryar ta fito. Ashe tana nan tsaye, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ta ɗaga labulen kaɗan, fuskarta ta faɗa, idonta a bushe. Ba ta dubi mijinta ba, abin da ke kan dakali take kallo, hancinta na motsi.

"Koma ciki, Jamila," in ji Alhaji.

"Yaya, ka yi haƙuri, tambaya ɗaya zan yi masa." Sai a sannan ta juyo. "Malam, ya ka baro ta?"

Ya san wa take nufi. Ga ƙofa a buɗe, in ya ce tana nan lafiya, ta fara toho, wataƙila yau ɗin nan a sallame su tare. Alhaji na kallonsa, maƙwabta na kallonsa.

"Ta bushe, Jamila. Har gindi. Ni na kashe ta." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma abin da na faɗa miki, ban da hankali ne. Na san ba fure ba ce."

Ta rufe ido. Hannunta na riƙe da labule, ya ga kamar za ta sake shi ta koma ciki, kuma ya san in labulen nan ya faɗi shi ke nan. Alhaji Hamza ya ce, "To kin ji da kunnenki."

Ba ta saki labulen ba. Ta fito, ta tsuguna a ɗaya gefen dakalin, ta ɗauki reshen lalle ta shinshina, ta ajiye. Ta taɓa ɗoɗɗoyar, ta murza ganye ɗaya a yatsa, ta daɗe da shi a hanci, sai ga hawayen da ba ta yi ba ranar da ta fita. Sannan ta zaro karan wardi ɗaya. Ta juya shi, ta dubi jan ƙayarsa mai lanƙwasa, irin wadda ta sha tsaga mata yatsa a bakin randa.

"Daga ina ka yanko wannan?"

"Daga uwarta. Wadda na yanko miki na farko."

Ta warware jiƙaƙƙen tsumman da ke gindi. Har yanzu da damshi. Ta dubi yankan, a karkace, fari tas. Ta kankare ɓawon da farcen babban yatsa, kore shar ya bayyana. Ta bi karan da yatsa tana taɓa idanunsa ɗaya bayan ɗaya, ƙaya ta soke ta, ta tsotse jinin ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Yana da rai," ta ce.

"Jamila," in ji Alhaji Hamza, "kada ki bari a saye ki da itace."

"Ba sayena aka yi ba, Yaya. Ni ban ce na huce ba." Ta mayar da tsumman ta naɗe gindin karan a hankali, ta haɗa da sauran. "Amma wannan in ya kwana bai shiga ƙasa ba, ya mutu. Kuma Malam ba zan sake bari ya taɓa shi ba."

"To ki dasa a nan. Ga fili a bayan ɗaki."

Ta miƙe, ta rungume karan a ƙirji, ƙaya da komai. Ta share ido da gefen zane.

"Ba a nan take zama ta ci tuwo ba," ta ce. Ta juya ta dubi ƙafafun mijinta da suka yi jini da laka. "Yaya, ara masa takalmi. Bari in ɗauko mayafina."